Masu Hana Barci na Ramin Tarmana

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye arziki a cikinta, ya halicci mutum ya ɓoye halinsa a ƙirjinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Barmo, mutumin Gulbin Tsamiya. Kun tambaye ni abin da na gani a birnin Tarmana, can bayan inda taswirar fatake ta ƙare. Ku gyara zama zan faɗa muku, amma kada wani ya ce in sassauta murya, domin labari ne da ba ya faɗuwa da sanyin rai.

Fari ne ya fitar da ni daga gida. Rijiyoyin garinmu suka koma ɗaci, dabbobi suka ƙi sha, gero ya bushe tun bai yi kai ba. A kasuwa na ji fatake suna zancen wani shuɗin gishiri da ake haƙowa a Tarmana, wanda in an jefa ƙwaya ɗaya a rijiya mai ɗaci, ruwanta zai yi daɗi har wata damina. Na ce ko dai in samo wa garinmu wannan abu, ko in mutu a hanyarsa. Na yi sallama da mahaifiyata, na shiga ayarin wani madugu mai fara'a, wanda ya karɓe ni da sauƙin da ya kamata ya sa ni tunani.

Muka ratsa Hamadar Ƙarau, inda rairayi yake kamar fasasshiyar kwalba, sai an ɗaura wa raƙuma takalman fatar ɓauna. Muka faɗa wani daji mai fararen tsuntsaye masu kwaikwayon muryar wanda matafiyi ya fi ƙauna. Wasu daga cikinmu suka ji kukan 'ya'yansu a cikin ƙurmi, suka saki akala suka bi, ba mu ƙara ganinsu ba. Ni ma na ji muryar mahaifiyata, har da 'yar shaƙewar da take yi in ta gaji, tana kiran sunana na yanka. Na ɗaga ƙafa ke nan sai na tsaya. Ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. Na ɗauki dutse na jefa wajen muryar, tsuntsu ya tashi yana dariya irin ta mutane.

Tarmana birni ne da aka sassaƙa a jikin wani baƙin dutse, gidaje bisa gidaje, da tsakar rana duk yana ɗaukar ido da shuɗi. A bakin ƙofa madugu ya ce in jira shi. Ina nan zaune sai ga dogarai sun kama hannuna. Ashe dokar garin ita ce baƙo ba ya fita da gishiri sai ya yi aikin rami, kuma madugun nan sana'arsa ke nan: ya kawo ƙarti ya miƙa, ya ɗora kaya ya wuce. Na zage shi har muryata ta dushe, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba.

Da safe aka ba ni dagi, aka zura mu cikin wani ƙaton guga na fata, kamar ana zura mu rijiya. Muka sauka har hasken sama ya koma kamar ƙwayar gero. A cikinmu akwai wani siririn mutum mai yatsu shida a hannu, ba dagi, ba kwando, hannuwansa sai rawa suke yi, yana ta taunar wata saiwa. Da muka isa wurin aiki kowa ya duƙa, shi kuwa ya sami dutse ya zauna, ya fara ba da labarin wani maƙeri da ya ƙera wa iska mabuɗi. Na ce a raina, ga mu muna zufa, ga wani ƙaton banza yana tatsuniya da rana tsaka. Na toshe kunnena na ci gaba da sara.

Can sai na ji wani ƙamshi kamar na turaren wuta a ɗakin amarya. Jikina ya yi sanyi, dagi ya yi nauyi. Na ce bari in ɗan jingina. Daga nesa nake jin mai labarin yana tsayawa yana tambaya, "Dogara, kai da ka ce ka san halin mata, me matar maƙerin ta ce?" Wani ya amsa, aka yi dariya. Ya kira wani, shi ma ya amsa. Sai na ji ya ce, "Baƙo, kai fa?" Na so in amsa, harshena ya ƙi. Abin da na sani kawai shi ne mari ta ko'ina, mutane suna jan ƙafata zuwa inda iska take.

Da na farfaɗo, siririn mutumin yana tsugune a kaina. Ya ce, "Sunana Cindo. Iskar da ta kama ka Lallashi muke ce mata. Daga cikin dutsen take fita, ta rarrashe ka ka yi barci, wanda kuwa ya yi barci a nan sai dai a fitar da gawarsa. Ba abin da ke riƙe mutum sai son jin abin da zai faru gaba. Shi ya sa nake nan. In na kira ka, ka amsa, ko da zagi ne."

Na ce, "Kai me ya sa ba ta kama ka?"

Ya nuna mini saiwar. "Wannan. Tana kore barci, amma tana sa hannu rawa, mai cinta ba ya iya riƙe dagi. Tana kuma cin ƙirji. A cikinmu ba a cika tsufa ba."

Haka na san Zauren Masu Hikaya. Wani dogon zaure ne a tsakiyar gari, kuma babu gugan da ke sauka rami sai da mutum ɗaya daga cikinsa. Amma aikinsu bai tsaya a rami ba. In mace tana naƙuda mai wuya, 'yar zaure ce ke zama a gefenta tana janye mata hankali daga ciwo. In tsoho ya kwanta jinya ba mai kula da shi, su ke karɓa-karɓa a bakin gadonsa. In maƙwabta suka yi rigima kan magudanar ruwa, sai wani ɗan zaure ya zauna a tsakaninsu ya kawo labarin kura da bunsuru, yana kwaikwayon tafiyar wannan da tarin wancan, har kunya da dariya su kashe maganar. Babban aikinsu kuwa shi ne in mutum ya mutu, su tara gari a dandali su faɗi rayuwarsa tun daga haihuwa, da kirkinsa da wautarsa, domin 'ya'yansa su san wanda ya haife su. Ba su noma, ba su haƙa. Kowane gida yana aika musu akushi, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba.

Shugabarsu wata tsohuwa ce, Inna Tabawa, ita kaɗai ce ta yi furfura a zauren. Da lokacin aikina ya cika, Cindo ya kai ni wurinta, ya ce baƙon nan ya ga ƙasashe, bakinsa kuma ba laifi. Ta ce in ba ta labari. Na zage na kawo na fararen tsuntsaye, ina ƙawata shi. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Ɗan nan, kanka kake saurare. Tun ɗazu wancan na bayanka ya fara gyangyaɗi ba ka sani ba. Da a rami ne, da ka kashe shi. Koma ka fara."

Na koma na fara, na sake komawa, har na iya jin numfashin mutum a cikin duhu in san ko yana tare da ni. Ranar da ta ba ni saiwa ta farko, na manta da cewa gishiri na zo nema.

Ana nan sai Sarkin Rami, wato mai kula da haƙar gishiri, ya rasu. Daga babban birnin ƙasar aka aiko wani ya gaje shi, sunansa Mijinyawa. Mutum ne mai tsabta, mai sanyin murya, wanda bai taɓa sa ƙafa a guga ba, bai kuma yi niyya ba. Ya zauna a rumfa a bakin rami yana kallon masu sauka. Abin da idonsa ya gani shi ne a kowane guga akwai mutum ɗaya da ba ya riƙe da dagi. Ya aika a kira Inna Tabawa, muka raka ta.

Ya ce, "Tsohuwa, daga yau mutanenki ba za su ƙara sauka ba. Wurin da suke tarewa, mai aiki zai shiga."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, Lallashi fa?"

Ya yi murmushi. "A garinmu lalaci muke ce mata. Na sa an ƙera kuge, za a riƙa buga shi a ƙasa. Wanda ƙarfe bai tayar ba, tatsuniya ba za ta tayar da shi ba."

Ta ce, "Kuge ba ya kiran suna, ranka ya daɗe. Ba ya kuma jin wanda ya daina amsawa."

Ya ce, "Na gama magana."

Aka sauke kuge. Bugunsa iri ɗaya, dum, dum, kamar uwa tana jijjiga goyo, har mai bugun ma ya kwanta a kansa. Aka fara fito da gawawwaki. Wanda muka ci tuwo da shi jiya, yau a ɗauko shi fuskarsa a sake kamar mai mafarkin alheri. Muka taru a dandali za mu faɗi rayuwar na farkonsu, sai ga dogarai da sanduna. Mijinyawa ya ce taron yana karya zuciyar ma'aikata, gawa a binne ta a koma aiki. Aka kora mu cikin zaure, aka sa masu gadi a ƙofa, aka hana kawo akushi.

Kada ku ɗauka da Mijinyawa kaɗai nake fushi. Mutanen da muka kula da matansu suna haihuwa, muka riƙe hannun iyayensu suna cikawa, su ne suka riƙa wucewa ta ƙofar zaure kansu a sunkuye. Kowa na cewa yana da 'ya'ya. Wasu mata suna jefo mana ƙosai ta taga a ɓoye, kamar ana ciyar da kutare. Na ce da Cindo, "Garin nan bai cancanci ƙirjinka ba." Ya ce, "Tsoro ne. Kai ma da kana da bakunan ciyarwa a gida da ka sunkuya." Ban yarda da shi ba, har yau ma ban gama yarda ba.

Wata safiya ƙasa ta girgiza, ƙura ta taso daga bakin rami. Jim kaɗan wata mata ta ture masu gadi ta faɗo cikin zaure, ba mayafi, ba takalmi. Yalwa ce, matar Dogara, wanda na fara jin sunansa a rami.

Ta durƙusa gaban Inna Tabawa ta ce, "Inna, hawan ƙasa na rami ya rufta. Uban yarana yana ciki da ƙungiyarsa duka. Ana jin bugun daginsu, suna da rai. Sarkin Rami ya ce kada a haƙa, wai in an bi ta wajensu ginshiƙin babbar jijiyar gishiri zai raunana. Ya ce a toshe a bar su."

 Cindo ya miƙe zai nufi ƙofa, masu gadi suka gicciya masa mashi.  Na tuna wani zance da mahaƙa ke yi in suna hira, wai a can ƙarƙashin dutsen akwai Uwar Gishiri, dunƙule guda mai girman rumbu, daga jikinta sauran yake tsirowa. Ba wanda ya taɓa ganinta, kuma masu hankali ba su yarda akwai ta ba. Na matsa kusa da Inna na raɗa mata abin da nake nufi.

Ta ce, "Zauren nan bai taɓa miƙa ƙarya da sunan gaskiya ba. In mun ce tatsuniya ce, kowa ya san tatsuniya ce."

Na ce, "Inna, ai ni baƙo ne."

Ta dube ni, ta dubi Yalwa. Ta ce, "Kunnena ya tsufa, ban ji abin da ka ce ba."

Na gaya wa masu gadi ina da asirin zaure da zan kai wa ubangidansu. Suka kai ni rumfa. Na zube na yi gaisuwa irin ta maroƙa.

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, Dogara ya ga Uwar Gishiri. Ya taɓa ta da hannunsa. Ni ya gaya wa, ya ce zai ɓoye har ya sami hanyar fitar da ita. Shi kaɗai ya san lungun. In ya yi barci, ta tafi ke nan."

Mijinyawa ya ajiye ƙoƙon da ke hannunsa. "Me ya sa kake gaya mini?"

Na ce, "Yunwa, ranka ya daɗe. Tun da aka hana akushi ban ƙoshi ba. Tatsuniya ba ta cika ciki."

Wannan ya gane. Da na ce masa tausayi ne, da ya sa an yi mini bulala. Nan take ya ba da umarni a haƙa, ginshiƙin da ya hana a taɓa don rayukan mutane ya ce a rushe shi in ta kama. Na ce kafin a kai gare su Lallashi ta gama da su, sai an sa mai hikaya. Ya ce a sa guda ɗaya.

A gefen dutsen akwai wata tsaga da ke gangarawa har saman inda suka maƙale, ta nan iskarsu take shiga, ta nan kuma Lallashi take fitowa da kauri kamar hayaƙin ɗanyen itace. Ba mai iya shiga sai siriri. Cindo ya tuɓe riga, ya cika kumatunsa da saiwa. Muka ɗaura masa igiya a ƙafa, muka zura shi kai a ƙasa har ya kai inda za su ji shi. Ni na riƙe igiyar. Tsagar tana ɗauko murya kamar bututu, duk wanda ke bakinta yana jin kome.

Ya fara. Ban taɓa jin ya yi irin na ranar ba. Ya ƙaga musu labarin wani ɓarawon zuma da ƙudan zuma suka naɗa sarki, yana tsayawa daidai inda rai ke so, yana kira, "Dogara, ya karɓi rawanin ko ya gudu?" Daga can ƙasa muryar Dogara ta taso, Yalwa ta dafe ƙirji. "Shekarau, kai fa? Gambo, kada ka yi mini shiru, na san uwarka." Suna amsawa. Rana ta take, masu haƙa suna ta sara. Muryarsa ta fara tsagewa. Ya kira wani suna, shiru. Ya sake kira, ya ce na kusa da shi su mare shi. Shiru. Ya wuce gaba, bai bar labarin ya faɗi ba. Na ji yana tari, na ja igiya alamar ya fito a canza shi, ya harbi igiyar da ƙafa. Ba wani siririn da zai canje shi, shi ma ya sani.

Rana ta karkata sa'ad da aka fasa zuwa gare su. Aka fito da mafi yawansu da rai, har da Dogara. Muka jawo Cindo. Bakinsa cike da saiwa da jini, idonsa a buɗe, ya riga ya cika. Na kwantar da shi, na rufe shi da rigarsa.

Mijinyawa ya taso daga rumfa. Ya tsallake gawar Cindo kamar mai tsallake kwata, ya cafki wuyan Dogara, ya ce, "Ina take?"

Dogara, wanda ko tsayuwa ba ya iyawa, ya ce, "Wa, ranka ya daɗe?"

Na shiga tsakani. Na ce, "Hankalinsa bai dawo ba, amma da muna fito da shi ya kwatanta mini wurin. Zan kai ka. Sai dai in dogarai suka ga lungun, gobe kowa ya sani."

Ya dubi dogaransa ɗaya bayan ɗaya, na ga bai yarda da ko ɗaya ba. Ya rataya takobi, ya shiga guga, karo na farko a rayuwarsa. Na cusa saiwa a kumatu na bi shi. Na riƙe fitila ina gaba, na ratsa da shi ta hanyar da aka fasa, har na tsaya daidai ƙarƙashin tsagar da Cindo ya mutu a ciki.

Ya ce, "Wane ƙamshi ne wannan?"

Na ce, "Lalaci ne, ranka ya daɗe."

Ya zare takobi, takobin ya faɗi. Ya zauna daɓas. Na ga lokacin da ya gane. Ya ce, "Ka fitar da ni."

Na ce, "Hannuna rawa yake yi, ba na iya ɗaukar kaya. Da ƙafarka za ka fita, in ka iya riƙe idonka."

Na bar shi ya ɗanɗana. Kansa ya fara rinjaya. Ya ce da wata ƙaramar murya, "Yi mini labari. Don Allah."

Na ce, "Zan yi. Amma dokar rami ita ce in na tambaya, ka amsa."

Sai na ɗauko masa rayuwar waɗanda ya hana a faɗa a dandali. Na fara da Bawa, wanda aka fara fito da gawarsa, mutumin da ke tsoron kaza amma ya taɓa shiga wuta ya ɗauko 'yar maƙwabcinsa. Na faɗi yadda ya yi neman aure, da yadda yake raira waƙa ba daɗi. Na ce, "Mijinyawa, wa ya kashe shi?" Bai amsa ba, idonsa ya lumshe. Na kwaɗa masa mari, kamar yadda aka yi mini. Na ce, "Wa ya kashe shi?"

Ya ce, "Ni."

Na ce, "Ɗaga murya, ba na ji."

Ya ɗaga. Na ja shi ya miƙe, na kawo na gaba, da na gaba. Ba tsoron Allah ne ya riƙe idonsa ba, tsoron mutuwa ne da baƙin cikin baƙo yana marinsa, amma ya riƙe. Na zo kan Cindo a ƙarshe. Na haɗiyi ɗacin saiwa na ci gaba. Kowane suna ya amsa da bakinsa, tsagar kuwa tana kai wa mutanen da ke sama kowace kalma.

Da guga ya fito da mu, duk garin yana tsaye a bakin rami. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya ɗaga hannu. Dogara ya ja jiki ya ajiye daginsa a gaban rumfa. Wani ya ajiye nasa a kai, wani ya bi, har suka yi tsibi. Wani tsohon mahaƙi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mai sauka sai da ɗan zaure." Mijinyawa ya dubi tsibin, ya tuna ayarin da ke jiran gishiri daga babban birni. Ya ce a buɗe zaure. Sannan ya nuna inda nake tsaye ya ce a kawo masa kaina. Amma mata sun riga sun rufe ni da zannuwansu, sun shige da ni cikin taro.

Aka rufe ƙofofin gari, ana bincike gida gida. Abu ɗaya ne dogari ba ya buɗewa. Yalwa da maƙwabtanta suka naɗe ni a likkafani, aka ɗora ni a makara cikin jerin waɗanda za a kai makwanci. Ina jin numfashin masu ɗauka, ina jin dogarin ƙofa yana yi mana addu'a. Makarar da ke gefena ta Cindo ce.

A maƙabarta, bayan gari, aka kwance ni. Inna Tabawa ta ba ni gora da guzuri, ta nuna mini hanyar da ba ta bi ta dajin tsuntsaye ba. Dogara ya ƙulla mini ɗan gishiri a gefen riga, wanda daga baya ya gyara rijiyoyin garinmu har ruwan sama ya dawo. Ina hawa tudu na jiyo muryar tsohuwar ta fara faɗin rayuwar Cindo a kan kabarinsa, tun daga ranar da ungozoma ta ga yatsa na shida ta ce wannan zai riƙe abin da ya fi ƙarfin hannu biyar. Na so in tsaya in ji ƙarshe, masu rakiya suka tura ni gaba.

Bara na gamu da wani falke da ya fito daga can. Na tambaye shi zaure, ya ce yana nan, 'yan hikaya suna sauka rami, ana kai akushi, yara ma suna koyo. Na tambaye shi Inna Tabawa, ya ce ta rasu, an cika dandali ranar faɗin rayuwarta. Na tambaye shi Mijinyawa. Ya ce yana nan da sarautarsa, ya yi ƙiba, har an ƙara masa girma. Ya ce in baƙi suka zo, shi da kansa yake kai su zauren, ya nuna musu sabon rufin da ya sa aka yi, ya gaya musu cewa da ya iso garin ya tarar al'adar ta kusa mutuwa, shi ya raya ta.

Na tambayi falken ko ya ji an ambaci wani Cindo. Ya yi tunani, ya ce a fada dai bai ji ba.

Iyakar abin da na gani ke nan a Tarmana. Ku tashi haka nan, ni yau ba zan iya cin abinci ba.